Dashen Hanta da Farfaɗowar Ƙwaƙwalwa: Bayani ga Iyalan Masu Fama da Ƙandarewar Hanta

Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukanmu, idan magidanci ya daɗe yana fama da ciwon hanta, cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, sa'an nan wata rana ya fara sambatu ko ya kasa gane 'ya'yansa, abin da kan fara zuwa a zukatan iyali shi ne an yi masa sammu, ko iska ta taɓa shi, ko kuwa taɓin hankali ne ya same shi. Su kuwa likitoci sun daɗe da sanin wannan yanayi. Guba ce wadda hanta ta gaza tacewa take bin jini har ta isa ƙwaƙwalwa, ta dagula aikinta.

Manufar wannan bayani ita ce a fahimtar da jama'a, musamman mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi, yadda hanta da ƙwaƙwalwa suke da alaƙa, da kuma abin da ke faruwa da hankalin majinyaci idan an yi masa dashen sabuwar hanta. Binciken masana ya tabbatar da cewa mafi yawan hankalin da ya gushe yana dawowa bayan dashe. Amma gwargwadon abin da ke dawowa, da tsawon lokacin da zai ɗauka, sun danganta ƙwarai da irin kulawar da majinyaci ya samu tun yana gida, kafin a kai ga batun dashe.

Aikin Hanta da Yadda Take Ƙandarewa

Hanta tana ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo 1.5. Duk jinin da ya taso daga hanji ɗauke da abincin da aka narkar, sai ya bi ta wata babbar jijiya ya ratsa hanta kafin ya zagaya sauran jiki. A nan ne hanta ke adana abin da jiki ke bukata, ta sarrafa magunguna, ta kuma kawar da guba.

Idan wata cuta ta shafe shekaru tana cin hanta, naman da ya lalace yakan warke da tabo, kamar yadda miki kan bar tabo a fata. Yau da gobe tabon ya yawaita, hanta ta yi tauri, ta motse, ta yi ƙulli-ƙulli. Wannan shi ne ƙandarewar hanta, wanda a asibiti ake kira sirosis. A ƙasarmu babban musabbabinsa shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B, sai nau'in C, da shan barasa, da taruwar kitse a hanta wadda ke tafiya tare da ƙiba da ciwon sukari. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a faɗin Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma suna ɗauke da nau'in C. Akasarinsu ba su sani ba, domin cutar takan yi shekaru masu yawa ba ta nuna wata alama ba.

Yadda Gubar ke Kaiwa ga Ƙwaƙwalwa

A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa da ke taimakawa wajen narkar da abinci. Yayin da suke sarrafa abinci mai gina jiki, suna fitar da wani sinadari mai suna amoniya. Hanta mai lafiya takan kama wannan sinadari ta mayar da shi yuriya, ƙoda kuma ta fitar da ita ta fitsari. To idan hanta ta ƙandare, matsala biyu ce ke aukuwa. Ta farko, naman hantar da ya rage ba ya isa ya yi aikin. Ta biyu, jini yakan kasa ratsa hantar saboda taurinta, sai ya nemi wasu ƙananan jijiyoyi ya kewaye ta, tamkar yadda ruwan fadama kan fasa wata hanya idan magudanarsa ta toshe. Ta haka jinin da ba a tace ba yake isa ƙwaƙwalwa.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro waɗanda aikinsu shi ne yi wa jijiyoyin tunani hidima da tsabtace muhallinsu. Su ne ke tsotse amoniya su mayar da shi wani sinadari mai suna gulutamin. Idan gulutamin ya taru a cikinsu, sai su ja ruwa su kumbura, saƙonnin da ke kai-komo tsakanin jijiyoyi su yi nawa. Idan kuma akwai wata cuta mai sa zazzaɓi a jiki, illar amoniya takan ninku. Bugu da ƙari, wani ma'adini mai suna manganis, wanda hanta ce ke fitar da shi ta hanyar ruwan ɗaci, yakan taru a can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, a sashen da ke daidaita motsin jiki. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa wasu majinyata yin karkarwa da tafiyar sanɗa.

Abin lura a nan shi ne, a mafi yawan lokuta jijiyoyin tunanin ba mutuwa suka yi ba, guba ce ta danne su. Shi ya sa ake da kyakkyawan fatan farfaɗowarsu idan an kawar da gubar.

Matakan Ruɗewa da Alamominsu

Masana sun ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na masu ƙandarewar hanta za su gamu da ruɗewa bayyananniya a wani lokaci na jinyarsu. Likitoci suna auna tsananinta da ma'aunin West Haven, wanda ya samo sunansa daga wani gari a Amurka inda aka tsara shi a shekarun 1970. Matakansa huɗu ne:

1. Majinyaci yakan juya barcinsa, ya yi ta gyangyaɗi da rana, dare kuma ya raba shi ido biyu. Hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan yi saurin fushi ko fara'ar da ba ta da dalili, kuma ƙaramin lissafi yakan gagare shi.

2. Kasala takan rufe shi, ya manta ranar da ake ciki, ya riƙa aikata abin da ba halinsa ba ne. Idan ya miƙe hannuwansa ya ɗaga tafukansa, za a ga suna faɗuwa suna tashi kamar fukafukan tsuntsu.

3. Barci mai nauyi yakan ɗauke shi, sai an girgiza shi yake farkawa. Ba ya sanin inda yake, maganarsa kuma ba ta da kai.

4. Dogon suma, wanda ko an kira shi ko an mintsine shi da wuya ya motsa.

Kafin waɗannan matakai akwai wani ɓoyayyen mataki da ido ba ya gani. Mutum yana magana daidai, yana gaisawa da jama'a, amma saurin tunaninsa da lurarsa sun ragu. Ana gano shi ne ta gwaje-gwaje, kamar a ba shi takarda ya haɗa lambobi daga 1 zuwa 25 ana auna lokaci, ko a ce ya lissafo sunayen dabbobi iyakar iyawarsa cikin minti ɗaya. Wannan gwaji na biyu ya dace da wanda bai yi karatun boko ba. An tabbatar da cewa masu wannan ɓoyayyiyar ruɗewa sun fi saura yin kuskure a wajen tuƙi, saboda haka akwai haɗari ga direba, da ɗan acaɓa, da mai aiki da injin niƙa.

Abubuwan da ke Tayar da Ruɗewa da Maganinta

Galibi ruɗewa ba ta tashi haka kawai. Abubuwan da suka fi tayar da ita sun haɗa da zazzaɓi ko wata cuta a ruwan ciki, ko mafitsara, ko huhu. Da zubar jini a cikin hanji, wanda alamarsa ita ce aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta. Da taurin bayan gida. Da ƙarancin ruwa a jiki sakamakon zawo, amai ko yawan shan maganin sa fitsari. Da kuma magungunan sa barci ko kashe zafi masu bugarwa irin su baliyam, taramol da kodin. Idan an gano musabbabin an magance shi, sau da yawa hankali yakan dawo cikin 'yan kwanaki.

Babban maganin da ake bayarwa shi ne laktulos, wani ruwa mai zaƙi da aka fara amfani da shi domin wannan lalura a shekarar 1966. Yana kama amoniya a cikin hanji ya fitar da shi ta bayan gida, kuma ana daidaita shansa yadda majinyaci zai yi bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana. Akwai kuma ƙwayar rifaksimin da ke rage ƙwayoyin hanji masu samar da gubar. A wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2010, wanda ya ƙunshi majinyata 299, ruɗewa ta sake dawo wa kimanin kashi 22 cikin 100 na masu shan ƙwayar cikin wata shida, alhali ta dawo wa kimanin kashi 46 na waɗanda ba a ba su ita ba.

A da, akan hana irin wannan majinyaci nama, wake, ƙwai da nono. Yanzu masana sun bar wannan ra'ayi, domin an gano cewa tsokar jiki ma tana taimakawa wajen kawar da amoniya, kuma wanda ya rame ya fi saurin ruɗewa. Abin da ake so shi ne ya samu abinci mai gina jiki giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya kuma ɗan taɓa wani abu kafin ya kwanta barci.

Dashen Hanta a Taƙaice

Waɗannan magunguna suna sassauta ruɗewa ne, ba sa gyara hantar da ta riga ta ƙandare. Idan ta kai matuƙa, abin da ya rage shi ne dashe. Likita Thomas Starzl ne ya fara jarraba dashen hanta a jikin ɗan Adam a birnin Denba na Amurka a shekarar 1963, aka kuma samu nasarar farko a 1967. Aikin bai kankama ba sai a farkon shekarun 1980, bayan samuwar maganin saiklosforin mai hana garkuwar jiki yaƙar sabuwar hanta. Daga 1989 aka fara samun nasarar yanko wani sashe na hantar mai rai a dasa wa majinyaci, kasancewar hanta tana sake tofowa cikin 'yan watanni a jikin mai bayarwa da mai karɓa. A manyan cibiyoyin dashe na duniya, kimanin mutum 9 cikin 10 suna raye shekara guda bayan aikin.

A nahiyar Afirka, Masar da Afirka ta Kudu ne suka fi daɗewa suna wannan aiki. Mutanenmu da suka samu hali galibi Indiya ko Masar suke zuwa, tare da ɗan'uwan da zai ba da sashen hantarsa, kuma kuɗin da ake kashewa ya fi ƙarfin mafi yawan iyalai. Ya kamata a sani cewa Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta haramta saye da sayar da sassan jikin ɗan Adam a Nijeriya.

Abin da ke Faruwa da Ƙwaƙwalwa Bayan Dashe

Farfaɗowar ƙwaƙwalwa hawa-hawa take zuwa, kuma yana da kyau iyali su san abin da za su gani a kowane zango, domin kada su karaya ko su yi gaggawa.

A makonnin farko majinyaci yana iya ƙara ruɗewa, ko da sabuwar hantar tana aiki daidai. Dalilan sun haɗa da nauyin tiyatar, wadda kan ɗauki awoyi masu yawa, da maganin sa barci, da zaman ɗakin kulawa ta musamman, da sauyin gishirin jini, da kuma magungunan danne garkuwar jiki waɗanda ake bayarwa da yawa a farko. Kimanin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashe sukan gamu da wata matsala ta ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi a wannan zango, kamar sambatu, karkarwar hannu, ciwon kai ko jijjiga. Mafi yawansu sukan wuce idan likita ya rage magani ko ya sauya shi.

A watannin da ke biye, da yake sabuwar hanta ta karɓi aikin tace jini, amoniya yakan sauka, kumburin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya saɓe. Hotunan na'urar MRI sun nuna cewa sinadaran ƙwaƙwalwa sukan daidaita a watannin farko, shi kuwa manganis da ya taru yakan ɗauki kusan shekara guda kafin ya washe. A wannan lokaci ne iyali kan ga barcinsa ya koma daidai, yana bin zance har ƙarshe, yana riƙe lissafin kuɗi, halinsa na da kuma yana dawowa.

Masana sun auna wannan sauyi da gwaje-gwaje. A jami'ar birnin Paduwa ta Italiya, an gwada majinyata 65 kafin dashe, aka sake gwada su bayan wata 9 zuwa 12, aka wallafa sakamakon a 2014. An ga cewa motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ya koma daidai a kusan dukkansu. Waɗanda suka taɓa ruɗewa kafin dashe su ne suka fi samun ci gaba, amma duk da haka ba su kamo takwarorinsu da ba su taɓa ruɗewa ba. A birnin Basalona na Sifen, wani bincike na 2011 a kan majinyata 52 ya nuna cewa tunani ya inganta bayan dashe, sai dai rauni ya fi saura a wajen rukuni uku: waɗanda suka sha ruɗewa kafin dashe, da masu ciwon sukari, da waɗanda barasa ce ta lalata hantarsu.

Da aka tsawaita bibiya, an samu labari mai ƙarfafa gwiwa. Masu bincike a birnin Hanoba na Jamus sun ba da rahoto a 2019 cewa bambancin da ake gani a shekarar farko tsakanin waɗanda suka taɓa ruɗewa da waɗanda ba su taɓa ba ya gushe bayan kimanin shekara biyar. Ke nan ƙwaƙwalwa tana ci gaba da murmurewa tsawon shekaru, kuma bai dace a yanke ƙauna daga mutum don an ga yana da saura a shekarar farko ba.

Dalilan da ke Hana Wasu Warkewa Sarai

Duk da haka, akwai waɗanda kan rage da 'yar mantuwa, ko nawar tunani, ko wahalar koyon sabon abu. Dalili na farko shi ne maimaituwar ruɗewa kafin dashe. Gubar da ta danne ƙwaƙwalwa sau ɗaya aka yi maza aka kawar da ita, ba daidai take da wadda ta yi ta dawowa tsawon shekaru ba, domin a hali na biyu ana iya asarar wani ɓangare na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Dalili na biyu shi ne lahanin da ba daga hanta ya taso ba. Barasa tana cin ƙwaƙwalwa kai tsaye. Ciwon sukari da hawan jini suna lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da ita. Tsufa ma yana da nasa rabo. Sabuwar hanta ba ta da ikon gyara waɗannan.

Dalili na uku shi ne magungunan da ake sha bayan dashe, musamman takrolimus da saiklosforin. Su ne ke kare sabuwar hanta, amma suna iya jawo karkarwa da rashin barci, suna kuma iya haifar da hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙoda, waɗanda daga baya kan taɓa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa likita ke yawan auna adadinsu a cikin jini domin ya tsayar da su a kan mafi ƙarancin abin da zai wadatar. Haɗari ne babba majinyaci ya rage su ko ya daina sha da kansa, domin jiki zai yaƙi hantar, a yi asarar ta.

Dalili na huɗu shi ne damuwa da ƙuncin rai. Mutumin da ya sayar da gona ko shanu domin jinya, ya dawo ba ƙarfin aiki, ga bashi, yana iya shiga damuwar da za ta sa shi mantuwa da rashin natsuwa. Wannan ma lalura ce da ke da magani, kuma ya kamata a sanar da likita.

Kula da Wanda Ya Dawo Gida

Wanda aka yi wa dashe yana bukatar mutum ɗaya tsayayye daga cikin iyali da zai riƙe masa lissafin magani, musamman a shekarar farko lokacin da mantuwa ba ta gama sakinsa ba. A tanadi littafi ana rubuta lokacin shan kowane magani da ranar komawa asibiti, a kuma saita ƙararrawar wayar hannu. Kada a bari magani ya ƙare kafin a nemo wani. Wanda nau'in B ne ya lalata hantarsa zai ci gaba da shan maganin wannan ƙwayar cuta, domin kada ta kama sabuwar.

Kada a ba shi wani magani, na kemis ko na gargajiya, sai da izinin likitan da ke duba shi. Misali, rifamfisin da ake bai wa masu tarin fuka yana rage ƙarfin takrolimus ƙwarai, wasu magungunan kuma suna ƙara shi har ya zama guba. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna iya lahanta hanta da ƙoda. Kasancewar garkuwar jikinsa a danne take, wajibi ne ya sha tafasasshen ruwa, ya ci abinci dafaffe da zafinsa, ya guji ɗanyen nono da ba a dafa ba, ya kwana cikin gidan sauro. Batun azumi kuwa, a tuntuɓi likita tukuna.

Ƙwaƙwalwa tana ƙara kaifi da amfani. A riƙa jan shi da hira, a bar shi ya yi karatunsa, ya saurari rediyo, ya yi 'yan lissafe-lissafen gida, ya riƙa tattaki kullum gwargwadon ƙarfinsa. Kada a mayar da shi saniyar ware a harkokin gida, kada kuma a yi masa gorin abin da ya faɗa ko ya aikata lokacin da yake cikin ruɗewa, domin ba da saninsa ya yi ba. Tuƙin mota ko babur, da hawa sama, da aiki da injina, sai likita ya amince. Haka nan yana da kyau a jinkirta manyan hukunce-hukunce irin su sayar da gona ko sa hannu a takardar bashi har sai hankalinsa ya daidaita.

A gaggauta kai shi asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi, sabuwar ruɗewa, jijjiga, matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, shanyewar wani sashe na jiki, dawowar shawara, ko amai da zawon da suka hana magani zama a ciki.

Nauyin da ke Kan Shugabanni da Jami'ai

Tun da dashe ba kowa ke samunsa ba, kuma ko an samu, sakamakonsa ya danganta da abin da ya gabata, babban aikin yana hannun al'umma ne. Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su wayar da kan jama'a cewa mai ciwon hanta da ya fara sambatu asibiti yake bukata a ranar, ba ɗauri ko turaren hayaƙi ko kulle a ɗaki ba. Kowace rana da ya ƙara a cikin ruɗewa tana ƙara wa ƙwaƙwalwarsa lahani, kuma abin da ya tayar da ita, kamar zubar jini a ciki, yana iya halaka shi. Idan barci ya yi masa nauyi, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko kunu, domin yana iya shaƙewa.

Ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar iyalin mai ciwon hanta game da barcinsa da halinsa, su duba faɗuwar tafukan hannu, su guji ba shi allurar sa barci, su kuma tura shi babban asibiti ba tare da jinkiri ba. Masu kula da sayen magunguna su tabbatar da cewa laktulos bai yanke ba.

Rigakafi ya fi magani. Tun shekarar 2004 allurar rigakafin cutar hanta nau'in B take cikin jerin alluran yara a Nijeriya. Ana so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sa'an nan a ci gaba a mako na 6, na 10 da na 14. Muhimmancin wannan shi ne, kimanin 9 cikin 10 na jariran da suka kamu a lokacin haihuwa sukan rayu da ƙwayar cutar. Saboda haka a haɗa kai da ungozomomi domin a kai jariran da aka haifa a gida asibiti a ranar farko, kada a jira sai bayan suna. A ƙarfafa wa masu juna biyu da masu shirin aure gwiwar yin gwaji. A faɗakar da wanzamai da masu yankan farce su riƙa amfani da sabuwar aska ko reza ga kowane mutum wajen aski, kaciya da ƙaho. Manoma kuma su busar da gyaɗa da masara sosai kafin ajiya, su zubar da waɗanda suka yi funfuna, domin gubar afalatoksin da ke cikinsu tana haddasa kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da nau'in B.

Wanda gwaji ya nuna yana da cutar kada ya firgita. Nau'in B yana da magunguna irin su tenofobir da ke danne shi su hana hanta ƙandarewa, nau'in C kuwa ana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shi da ƙwayoyin da ake sha kimanin mako 12.

Kammalawa

Ruɗewar mai ƙandarewar hanta ciwo ne na jiki wanda ke da sanannen musabbabi da magani. Dashen hanta yana dawo da mafi yawan hankalin da ya gushe, wasu cikin watanni, wasu cikin shekaru, kuma wanda aka kare daga yawan ruɗewa tun farko ya fi kowa samun cikakkiyar farfaɗowa. Ana shawartar duk mai karatu da ya je asibiti mafi kusa a gwada jininsa, ya tabbatar an yi wa 'ya'yansa rigakafi, ya kuma isar da wannan saƙo ga maƙwabtansa. Ranar 28 ga Yuli ta kowace shekara ita ce Ranar Yaƙi da Cutar Hanta ta Duniya, kuma dama ce ga ƙananan hukumomi su shirya gangamin gwaji da faɗakarwa a gundumominsu.